Rijiyoyin da Na Kankare

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ba ruwa. Na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu irin nawa, ya yi shiru. Mai kurar ruwa bai shigo layinmu ba sai bayan azahar, abin da ya juye mini kuwa launin shayi ne. Na bar shi ya kwanta. Da ya kwanta na leƙa gindin bokitin, na yi da-na-sanin leƙawa.

Garin da ya shekara sittin da ɗaya yana mulkin lardi guda ke nan. Tir.

'Yata ta bugo waya. Tana nan a kan bakanta: ranar biyar ga watan gobe za ta zo da mota ta ɗauke ni, in koma wurinta a babban birni. Wato wancan garin da aka mayar da hedkwatar lardinmu. "Baba, me ka ajiye a nan? Mama ta rasu, abokanka sun ƙare, ko ruwan wanka ba ka da shi." Na ce to. Gaskiya ta faɗa.

Laraba, 5 ga Maris

Na yi baƙuwa. Wata shida rabon da wani ya zauna a kujerar baƙi, sai da na kaɗe ta. Malamar tarihi ce daga makarantar sakandare, za ta yi shekara arba'in, mai saurin magana, biro a soke a ɗankwali. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, wannan kam na ba ta.

Ciyaman na hukumar gari ne ya aiko ta. Wai bana shekara sittin cif da ɗauke hedkwatar lardi daga nan, za su gina hasumiyar tunawa a filin tsohuwar sakatariya, da allon dutse a jikinta. Ni ake so in tsara kalmomin da za a sassaƙa. "An ce kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka yi aikin ofis a lokacin, Baba Safiyo."

Ta ajiye wayarta a tebur tana ɗaukar muryata. Na ba ta abin da na saba bayarwa. Tudun da garin ke kai, mai kama da doron saniya. Rafuka biyu da suka haɗu a gindinsa ta kudu, da mashigin da fatake ke ƙetarewa, wanda ya fara tara mutane. Yadda gwamnati ta zaɓi nan saboda iska da ƙarancin sauro. Kotu, baitulmali, kurkuku, asibiti mai gado arba'in, layin ma'aikata da itatuwa a jere. Sannan kwamitin mutum uku da aka aiko su duba ko a bar hedkwata a nan ko a kai ta garin da jirgin ƙasa ke tsayawa. Sannan mutanen can suka bi su da toshiyar baki, aka yi mana ƙwace.

Na faɗa tsaf, har da wurin da ake dakatawa a girgiza kai. Shekara sittin ina yi, ai na ƙware.

Ta ce, "Akwai wata takarda da ta nuna an yi toshiyar, Baba?" Na ce wa ke rubuta irin wannan a takarda. Ta yi dariya. Na lura ba ta rubuta komai a wurin ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwiwar hagu. Ban fita ba. Na fara haɗa akwati: riga huɗu, takardun fansho, hoton marigayiya, da ɗan guntun tef ɗin nan da take awon ɗinki da shi. Keken kuwa sai dai a bayar.

Asabar, 8 ga Maris

Na lallaɓa da sanda har filin sakatariya, in ga inda za su kafa abin nasu. Tafiyar minti goma a da, yau kusan awa.

Ban san me ya sa har yanzu nake duban garin nan ba. Kwatar layin ma'aikata ta toshe tun bara, ruwanta kore shar, an ɗora katako ana tsallakewa, ba wanda ya ce a yashe. Itatuwan an sare an bar kututture. Kotu ta zama ma'ajiyar buhunan gawayi. A barandar baitulmali wani na gyaran babur, baƙin mai ya bi matakala har ƙasa. Maza majiya ƙarfi a zaune kan benci tun hantsi, in ka tsaya minti biyar sai ka ji ɗayansu ya ce da ba a yi mana ƙwace ba, da yanzu kaza da kaza. Ledar da ke gindin ƙafarsa ma ƙwacen ne ya hana shi ɗauka.

Filin kansa juji ne, ta gabas ya fi ni tsawo. Awaki a sama, ƙudaje, wari mai shiga har haƙori. Katafila ta ture gefe ɗaya, an kafa turaku da jan ƙyalle.

Ido ba ya ritaya. Ina ganin turakun na waiwaya na nemi matakalar tsohon ofishinmu na safiyo, wato awon ƙasa, na ja layi a raina. Na sake ja. Sai da na nemi bulo na zauna.

Turken tsakiya a kan Uwar Rijiya yake, ko dab da ita. Tana can ƙasa, ƙarƙashin sharar shekara sittin.

Na tambayi ɗan kwangilar yaushe za a zuba siminti. Ya ce Litinin, ashirin da huɗu ga wata. Na ce in suka tarar da rami a ƙasa fa? Ya ce, "Sai mu cika shi da ɓaraguzai mu danne, Baba. Mun saba."

Lahadi, 9 ga Maris

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko da littafin nan ne kaɗai zai sani.

Ina da shekara ashirin da biyu, ni ne ƙaramin mai zane a ofishin safiyo. Garin nan yana da rijiya talatin da uku. Ni na auna su, ni na sa su a taswira, kowace da 'yar da'irarta da lambarta. Tudun nan dutse ne a sama, amma ruwa na kwance a ƙarƙashinsa. Shi ya zaunar da mutane a nan tun farko, ba iska ba.

Da aka ji kwamiti na tafe, manyan gari suka zauna suka ce a gyara gari, kada baƙi su ɗauke mu ƙauyawa. Rijiyoyin kuwa ba su da kyan gani: baki ya zube, taɓo kewaye, dabbobi, tsummokaran wanki a baje. Mu kuma mun yi sabon tanki da famfo huɗu, muna ji da su. Aka ce babban birni da famfo ake saninsa. Cikin mako uku aka rufe ashirin da bakwai. Ƙananan aka cike su da ƙasa. Manyan, su goma sha ɗaya, aka shimfiɗa musu ƙarafa da falalen dutse, aka bi da ƙasa, aka dasa furanni a kai. Wai in baƙi sun tafi a buɗe. Uwar Rijiya, wadda aka gina da dutse, wadda mutum takwas ke ja a lokaci guda, wadda ba a taɓa ganin ƙasanta ba, ita ta sami furanni mafi kyau, har da farin fenti a duwatsun gefe.

Shugaban ofishinmu ya ce taswira ma ta bi gari. Ya miƙo mini reza. Yini ɗaya na kankare da'ira ashirin da bakwai daga takardar, na murje wurin da bayan farce har ya yi santsi. Ya ɗaga ta a hasken taga ya ce hannuna hannu ne. Na ji daɗi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, na ji daɗi.

Cikin mutum ukun akwai injiniyan ruwa, wani siriri mai tabarau, ba ya zaman liyafa, yawo kawai yake a ƙasa. Ya shigo ofis ya ce a ba shi taswira. Ya ƙirga: rijiya shida, famfo huɗu, mutum dubu talatin. Ya daɗe yana kallo. Bai tambayi shugaba ba, ni ya duba, don ya ga tawada a yatsuna. "Samari, su ke nan? Ƙasar nan ta yi mini kama da mai ruwa."

Na ce su ke nan.

Rahotonsu shafi goma sha ɗaya ne, na karanta kwafinsa. Ba toshiya, ba komai. Layi ɗaya ne ya kashe mu: garin ba shi da ruwan da zai ɗauki ƙarin jama'a.

Bayan nan wa zai buɗe rijiya ya nuna wautarsa? Aka bar su. Ma'aikata suka tafi, mutane suka ragu, shidan suka wadatar na wani lokaci kafin su ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Aka yi shaguna da ɗakuna a kan sauran. Kafin shekara biyu labarin toshiya ya fito, ban san daga bakin wa ba, kowa ya rungume shi kamar an ba shi bargo. Har da ni.

Kwafin farko, wanda reza ba ta taɓa ba, yana cikin dogon gwangwanin nan a bayan kabad. Ko matata ba ta san abin da ke ciki ba har ta koma ga Allah.

Talata, 11 ga Maris

Aski. Mai aski sa'ana ne, mu biyu muka rage cikin waɗanda suka ga wancan zamani da wayonsu. Hannunsa na rawa, kaina ma na rawa, a haka muke daidaitawa.

Na bari sai da shagon ya zama ba kowa. Na ce ya san abin da ke ƙarƙashin turakun nan? Almakashi ya tsaya. "Kwando goma sha ɗaya na ƙasa na ɗauka a kaina ranar, Safiyo. Ubana ne ya dasa furannin. Kana tsammani na manta?"

Na ce to, za su danne ta da siminti.

"Su danne. Mu ma an kusa danne mu." Ya ce mutanen nan ba su da masana'anta, ba su da titi, ba su da ruwa, abu ɗaya gare su, an zalunce su. "Shi za ka ƙwace? Ka ce musu iyayensu ne wawaye? Kai da za ka shiga mota ka tafi, ka bar mu da su."

Bai san zancen rezar ba. Ban faɗa ba. Ya yanke ni a bayan kunne, na tabbata da gangan.

Laraba, 12 ga Maris

Na gwada kalmomin allo. "A nan aka yi mulkin lardi shekara sittin da ɗaya, har ranar da..." Daga nan biro ya ƙi. Takarda huɗu na yaga.

Juma'a, 14 ga Maris

Matar maƙwabcina, da cikinta wata takwas, na gan ta ta taga ta dawo daga rafi da jarka a ka. Mil ɗaya da rabi ne, gangara a tafiya, hawa a dawowa. A tsakar gidansu, ƙafa shida daga inda take girki, rijiya lamba goma sha tara na kwance.

Ta ɗago ido ta ce, "Sannu da hutawa, Baba." Na rufe taga.

Lahadi, 16 ga Maris

Duk yinin yau ranar kwashe kayan hedkwata nake gani a raina. Manyan motoci goma sha bakwai a layin ma'aikata, fayil-fayil a ɗaure da igiya, kujerar alƙali ƙafafunta a sama. Har agogon kotu suka cire, ramin yana nan, tantabaru ne a ciki. Mutane a bakin titi suna kallo. Furannin nan kuwa sun yi kyau a makon, an sha ba su ruwan famfo.

An ce in bi su, har da ƙarin girma. Na ƙi. Gari ya yi ta yabona, wai ɗan halak ne, bai gudu ya bar gida ba. Injiniyan nan ne ba na son in haɗu da shi a baranda.

Litinin, 17 ga Maris

Malama ta dawo karɓar kalmomi. Na ce ban gama ba. Ba ta tashi ba.

Ashe ta je babban birni ranar Juma'a, ɗakin ajiye tsofaffin takardu, ta nemo rahoton kwamiti. Ta karanta mini layin nan da na haddace tun kafin a haife ta. Sannan ta ce, "Abin da ya ɗaure mini kai, Baba, kakata ta sha gaya mini a gaban sakatariya take jan ruwa tana budurwa. Na ɗauka ruɗewar tsufa ce."

Na ce tsofaffi suna ruɗewa. Ta ce haka ne.

Ban san lokacin da na ce ta jawo kabad ba, don ni ba zan iya ba. Murfin gwangwanin ya yi tsatsa, sai da ta sa wuƙa. Muka danne kusurwoyin takardar da kofi da kwalaben magani. Talatin da uku, baƙaƙe wuluk kamar jiya na zana su.

Na faɗa mata duka, har rezar, har "su ke nan". Na jira ta yi tsaki. Sai ta sa yatsa a kan wata da'ira ta ce, "Wannan ai makarantarmu ce. Shekara tara ina aiken ɗalibai rafi da bokiti." Abin da ta ce ke nan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 18 ga Maris

Ofishin Ciyaman. Awa biyu a benci. Labule mai kauri, firiji na gurnani, hotonsa uku a bango ɗaya. Ɗan marigayi direban asibiti ne, na san shi ba wando.

Ya saurara yana duba waya. "Baba, tarihi ai an gama shi. An buga katin gayyata, an sa rana." Malama ta ce, "Ruwan fa, ranka ya daɗe?" Ya ce zancen ruwa yana cikin shirinsu na baɗi.

Da ta matsa, sai ya jingina ya yi murmushi. Ya ce ba zai tsayar da aiki a kan tsohuwar takarda ba. Amma in Baba zai tsaya a filin ranar Asabar, gaban jama'a, ya faɗa da bakinsa cewa ba a yi mana ƙwace ba, mu muka yi wa kanmu, ya kuma nuna wurin, to ya ba mu yinin. In ba a ga komai ba, Litinin siminti.

Ya san abin da yake yi. Yana ganin ba zan iya ba. Ni ma haka nake gani.

Alhamis, 20 ga Maris

Mun je neman ƙarfen awo, ɗan dunƙulen tagulla da aka dasa a matakalar ofishinmu, wanda daga kansa aka auna kowane gida da titi a lardin nan. Yana nan. Mai gyaran takalmi ne ke miƙe ƙusoshinsa a kai, wai ya fi kowane dutse daɗin bugu.

Malama ta samo mai haƙar rijiya, wani gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai dole. Ya dubi jujin, ya dube ni. "Ka tabbata, tsoho?" Na ce ni safiyo ne.

Juma'a, 21 ga Maris

Ban iya cin komai ba. Na goge takalmi. Mutum zai je zubar da mutuncinsa, yana goge takalmi.

Asabar, 22 ga Maris

An taru fiye da yadda na zata. Labari ya zaga cewa Baba Safiyo zai yi jawabin tarihi. 'Yan benci duk sun taso, abin da ban taɓa gani ba. Ciyaman a ƙarƙashin laima.

Malama ta riƙe mini lasifika. Na shirya magana mai tsawo, ta gudu. Na ce ba wanda ya ba da toshiya. Na ce iyayenmu sun rufe rijiyoyi don kunyar baƙi, ni kuma na kankare su daga taswira da reza, da aka tambaye ni na yi ƙarya. Minti biyu.

Wani daga baya ya ce, "Ashe ɓarawon a gida yake." Wata ta ce tsufa ne, a kai shi inuwa. Na hangi mai aski ya juya ya tafi.

Muka ja layi daga ƙarfen awo zuwa kusurwar baitulmali. Ƙafa ɗari biyu da arba'in da shida, da tsohon tef ɗina mai ƙafa ɗari, shimfiɗa uku. Na dangwala sanda na ce nan.

Mai haƙa da abokan aikinsa biyu suka shiga. Leda, ƙashi, tsumma, gwangwani, da abin da ba zan rubuta ba. Sannan jar ƙasa. Ƙafa huɗu, biyar, bakwai. Ƙasa tsantsa, wadda ba a taɓa motsawa ba. Ya ɗago kai ya ce, "Babu."

Dariyar ba ta yi ƙarfi ba, da ma ta yi. Ciyaman ya zo ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ba da lada, Baba, a je a huta. Na zubar da sunana, na kuma rasa rijiyar.

Na zauna a bulo ina naɗe tef don hannuna ya sami abin yi. Da na zo ƙarshe, wurin zoben, yatsana ya ji ɗinki. Ƙanana, a jere, ba irin na kamfani ba. Na san hannun nan, na marigayiya ne. Na ce Malama ta karanta mini lambar farko bayan zobe. Ta ce, "Huɗu, Baba." Ɗaya ya kamata ta gani.

Guntun tef ɗin nan da ya shekara talatin a rataye jikin keken ɗinki, wanda ke cikin akwatina yanzu haka. Ban taɓa tambayar inda ta samo shi ba. Ashe daga nawa ta yanke yadi guda, ta mayar da zoben, ba ta ce komai ba. Allah ya jiƙanki, yau kin kusa kashe ni.

Kowace shimfiɗa ta gaza da ƙafa uku, tara ke nan. Na ce a matsa gaba ƙafa tara. Mai haƙa ya dubi rana, ya dubi Malama, ya tofa yawu a tafinsa.

Rabin mutane sun watse lokacin da diga ta yi ƙara. Ƙarfe a kan ƙarfe. Da suka ɗaga falalen farko wani wari ya taso, mai sanyi, na wurin da ya daɗe a rufe. Mai haƙa ya jefa dutse. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, sai tsundum.

Ni dai na nemi inda zan yi amai, na yi.

Lahadi, 23 ga Maris

Kwance. Zazzaɓi. Ba wanda ya leƙo sai Malama.

Talata, 25 ga Maris

Ba a zuba siminti ba. An matsar da hasumiya gefe. Malama ta ce Ciyaman ya yi magana a rediyo, wai bincike mai zurfi da hukumarsa ta sa aka yi ne ya gano rijiyar. Kalmomin allo ma shi zai tsara da kansa. Madalla. Da ma me na zata.

Ruwan baƙi ne ƙirin. An ce sai an yi kwana goma ana kwasa kafin ya washe.

Alhamis, 27 ga Maris

Na fita sayen burodi. Mai shago ya miƙo mini yana kallon bango. 'Yan benci sun daina ce mini Baba Safiyo, yanzu Baba Reza ne. Ɗayansu ya ce duk da haka ai an yi toshiyar, rijiya daban, toshiya daban. Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Mutanen nan ko ka nutsar da su a rijiyar, a bushe za su fito.

Kwatar layin ma'aikata tana nan yadda take.

Litinin, 31 ga Maris

Mai aski ya zo har gida da jakarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ko sallamar kirki babu. "Zauna, ka yi kama da mahaukaci." Yana aski yana huci. Ya ce shekara sittin ina zama a kujerarsa, ya sa mini reza a wuya sau dubu, da ya sani. Na ce ga wuyan. Ya ce ba ya aikin banza.

Da ya gama, yana kaɗe tawul, bayansa gare ni: "Wadda ke bayan shagona, wajen bishiyar da aka sare. Cikewa aka yi ko rufewa?" Na duba. Lamba takwas. Rufewa. Ya ce shi ma haka ya tuna, tambaya kawai ya yi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Matar maƙwabci ta sauka, mace. Mijin ya tsaya a ƙofata ya fi minti biyar yana gaisuwa kafin ya ce an ce wai akwai wata a gidansu. Na ce an ce daidai. Na ce ya jira layi.

Asabar, 5 ga Afrilu

'Yata ta iso da mota tun hantsi. Ta tarar da akwati a buɗe, taswira a tebur. Malama ta kawo sabuwar takarda da tawada, muna mayar da rijiyoyin a kan titunan yanzu. Ni nake faɗa, ita take jan layi, don nawa ba ya miƙewa. Da'irorin dai ni nake yi. Sun ɗan karkace.

"Baba, kai ka ce mini garin ƙazamai ne." Na ce har gobe, Uwata. Ta ce to shiga mota. Na ce saura goma waɗanda aka rufe ba a cike ba, kuma ba wanda ya iya riƙe tef a garin nan, sai su haƙa ɗakin wani. Ba don su ba ne. Aiki ne na bari a karkace. Ta daɗe tana yi mini kallon nan irin na uwarta. Ta sauke maganin gwiwa da gwangwanin madara, ta ce za ta dawo bayan wata biyu. Na ce ta bugo kafin ta taso, kada ta tarar na fita.

Da la'asar mai haƙa ya zo da kwalba ɗaya, na farkon da ya washe. Ya ajiye ya tafi, ko zama bai yi ba. Na tafasa, na bar shi ya huce. Na leƙa gindin kofin. Ba komai.

Ɗanɗanon ƙarfe gare shi. Ba wani daɗi. Na ƙara rabin kofi.

Gobe lamba takwas. Sai mai aski ya share bayan shagon nan nasa tukuna, ba zan tsaya cikin wannan ƙazanta ba.